Darasi: Zaman Gidan Haya Ba Tare da Takarda Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa yana cikin babin mu'amala, wato zaman gidan haya yayin da mamallakin gida bai ba da takardar yarjejeniya ba. Wata za ta ce ai wannan maganar maza ce, su ke kama gida, su ke biya. To amma ki duba da kyau. Ranar da mai gidan haya ya yi sallama da maganar ƙarin kuɗi ko ta a tashi, wa yake tararwa a gidan? Mijinki yana Maraɗi ko Kano wajen nema, ke ce da yara. Sau da yawa ma da kuɗin adashinki ko na ƙuli-ƙulinki aka cika kuɗin hayar. Saboda haka ya zama dole ki san hukuncin abin da kike zaune a cikinsa.

Yadda lamarin yake a Jibiya

Jibiya gari ne na bakin iyaka. Daga Magama in ka tsallaka sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Garin da yake haka ba ya rabuwa da baƙi: jami'an kwastan da na shige da fice da ake yi wa canjin wurin aiki, direbobi, fatake, masu zuwa cin kasuwar Lahadi, da 'yan'uwanmu na Nijar da aure ko sana'a ta zaunar da su. Dukkansu suna neman wurin kwana.

A shekarun baya-bayan nan abubuwa da dama sun ƙara matse masu haya. A watan Yuli na 2018 ambaliyar ruwa ta ci rayukan mutane fiye da 40 a Jibiya, ta rusa ɗaruruwan gidaje, waɗanda jiya suke cikin gidajensu suka wayi gari suna neman ɗaki. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe iyaka, magidanta da yawa sukan kasa biyan haya a kan kari. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, kamar yadda ya faru da mutanen Shimfiɗa a Maris na 2022.

Wanda ya gudo da iyalinsa cikin dare ba ya tsayawa tambayar takarda. Dillali ya nuna masa ɗaki, ya biya la'ada, ya miƙa kuɗi hannu da hannu, an yi addu'a an shafa. Shi ke nan an gama. Sai bayan wata shida, ko bayan mai gidan ya rasu, a fara jin "ba haka muka yi da kai ba."

Shin hayar da aka ƙulla da baki ta inganta?

Ta inganta. Wannan shi ne abu na farko da za ki riƙe, domin wasu na tsorata 'yan haya da cewa tunda babu takarda ba su da wani haƙƙi. A Musulunci ciniki yana ƙulluwa ne da yardar ɓangarori biyu, kamar yadda aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta nuna. Wannan ya ce na ba ka, wancan ya ce na karɓa, ciniki ya faɗa. Malaman Malikiyya suna kiran hayar gida da ta dabba kira'i, suna kiran ɗaukar mutum aiki ijara. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a Risala, littafin da muke karantawa a makarantunmu, cewa haya kamar ciniki take wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta, kuma ana son a yanke mata wa'adi a ambaci kuɗinta.

Ke nan idan an san gidan, an san kuɗin, an san lokacin, haya ta tabbata ko da ba a ɗiga tawada ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alkawuran da suka ƙulla, ba ta ware na baki ta bar na takarda ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ma ya nuna Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka gindaya wa juna.

To ina matsalar take? Tana wajen tabbatarwa. Hadisi na 33 cikin Arba'una Hadisan na Imam Nawawi ya koya mana cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Idan mijinki ya ce ya biya kuɗin shekara, mai gidan ya ce na wata shida ya karɓa, alƙali ba ya ganin zuciya. Zai ce ina shaidunka? In babu, sai a juya ga wanda ya musa ya rantse. Allah Ya san mai gaskiya, amma a nan duniya an yi asara.

Me ya sa aka umarce mu da rubutu?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 cikin Suratul Baƙara, kuma maganar bashi da rubutu da shaidu take yi. Ta umarci muminai su rubuta bashin da aka yanka wa lokaci. Ta ce marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Ta hana a ƙosa da rubutawa komai ƙanƙantar abin. Sannan ta kawo dalili: yin hakan ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsayar da shaida, ya fi nisantar da shakka. Mafi yawan malamai sun ɗauki wannan umarni a matsayin abin so, saboda aya ta 283 ta buɗe ƙofar amincewa da juna. Wasu kuma, irin su Imam Ɗabari da Ibnu Hazm, sun ce wajibi ne.

Ina ruwan haya da bashi? Ai haya bashi ce ta kowane gefe. In kun biya shekara gaba ɗaya, kuna bin mai gidan zaman wata goma sha biyu. In kuma sai ƙarshen wata kuke biya, shi ke bin ku.

A nan ne kunya take cutar da mu. Mutum ya ce, "Haba, Alhaji ne fa, sa'an babana, ta yaya zan ce ya rubuta mini?" Shi kuma Alhajin ya ce, "Au, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Mu tuna cewa waɗanda aka fara saukar wa wannan aya sahabbai ne, kuma babu wanda ya kai su riƙon amana a cikinmu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa Sayyidina Ali (RA) ya rubuta sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira. Ya kuma rubuta wa sahabi Adda'u ɗan Khalid (RA) takardar wani ciniki da ya gudana a tsakaninsu, Tirmizi ya ruwaito. Haka nan Tirmizi ya kawo labarin Annabi Adamu (AS), wanda ya ba Annabi Dawuda (AS) wasu daga cikin shekarunsa, da ajali ya zo sai ya manta ya yi kyautar, kuma ruwayar ta nuna daga nan aka yi umarni da rubutu da shaidu. In uban 'yan Adam ya manta, wane ne Alhaji da ba zai manta ba? Ana rubutu ne saboda mantuwa da mutuwa, tun kafin a zo maganar ha'inci.

Wurare biyar da rigima ta fi ɓullowa

Na farko, wa'adi. Malamanmu sun raba haya gida biyu. Akwai wadda ake kira wajiba, wato an yanke lokaci, kamar a ce "na ba ka gidan nan shekara ɗaya daga yau a kan kaza." Wannan ta ɗaure kowa, mai gidan ba zai tashe ku ba, ba zai ƙara kuɗi ba sai lokacin ya cika. Akwai kuma mushahara, wato a ce "kowane wata kaza" ko "kowace shekara kaza" ba a faɗi ƙarshe ba. Mukhtasar na Shehu Khalil ya nuna wannan ba ta ɗaure kowa ba, sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Kin ga kalma ɗaya ta raba hukunci biyu. Bayan wata takwas wa zai tuna ainihin lafazin da aka yi a zaure? Sannan wace shekarar ake nufi? Shekarar Musulunci tana da kwana 354 ko 355, ta Bature 365, bambancin ya kai kwana goma ko sha ɗaya. Mai gida yana lissafi daga Ƙaramar Salla zuwa Ƙaramar Salla, ɗan haya ma'aikaci yana lissafi da watan albashi, kowa kuma yana ganin shi ne mai gaskiya.

Na biyu, kuɗi. A bakin iyaka naira da sefa duk suna yawo, canjinsu kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, musamman tun daga watan Yuni na 2023 da darajar naira ta faɗi ƙwarai. Hatta kalmar jaka ba ɗaya take ba: a wajen dattawanmu na Najeriya naira 200 ce, a Nijar kuwa sefa 1,000. Dole a faɗi irin kuɗin da adadinsu da ranar biya. A kuma fayyace ko abin da aka fara bayarwa kafin alƙalami ne da za a cire daga kuɗin haya, ko la'adar dillali ce da ta tafi ke nan. Kuɗin wuta da na ruwa su ma a san wanda zai ɗauka, a kuma tambaya ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan.

Na uku, gyara. Da yawa suna zaton tilas ne mai gida ya gyara duk abin da ya lalace. A mashhurin zance na mazhabarmu ba a tilasta shi. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna ya biya cikakken kuɗi. In ya sayi kwano da siminti ya gyara ba da izini ba, ana ɗaukar sa kamar mai yin kyauta, ba zai cire daga kuɗin haya ba. Amma malamai sun halatta a gindaya sharaɗi a kan yasar masai, da yaɓe, da gyaran da za a cire daga kuɗin hayar da ya wajaba. Don haka kafin damina, kafin ki sayar da akuyarki a gyara indararo, a sami izinin mai gidan a gaban shaidu. Idan kuwa gidan ya rushe gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2018, Risala ta nuna haya ta warware a kan sauran lokacin. Ke nan kuɗin watannin da ba a zauna ba sai a mayar. To nawa ne, in ba a san ranar da aka shiga ba?

Na huɗu, mutuwa ko sayar da gida. A wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, hayar da aka yanke wa lokaci ba ta warwarewa don mai gida ko ɗan haya ya rasu, haka nan sayar da gidan ba ya rushe ta. Magada ko sabon mai gida za su jira wa'adi ya cika. Sai dai magada ba su halarci cinikin ba. In suka zo rabon gado suka ce ku tashi, ba lalle mugunta ce ba, ba su san abin da mahaifinsu ya karɓa ba.

Na biyar, wanda ya fi shafar mu, shi ne takaba. Matar da mijinta ya rasu za ta zauna wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 cikin Baƙara ta tabbatar, kuma a gidan da mutuwar ta same ta. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin Furai'a 'yar Malik (RA), 'yar'uwar Abu Sa'id Alkhudri. An kashe mijinta, bai bar ta a gidan da ya mallaka ba, ta nemi izinin komawa wajen danginta, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta da ta zauna a gidan har iddarta ta cika. Risala ta yi bayanin cewa mai takaba tana da haƙƙin mazauni idan gidan na mamacin ne, ko kuma ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Ki lura da wannan sharaɗi. Mutumin da ya miƙa kuɗin yana kabari. In babu rasit, babu shaidu, kuma ke ba ki san komai ba, da me za ki kare kanki da marayunki? A yankin da hare-hare suka mayar da mata da yawa zawarawa, wannan ba maganar nesa ba ce. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare na raye.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Dokar Najeriya ita ma ta san da hayar baka. Wanda ya shiga gida da izinin mai shi yana biyan kuɗi, ɗan haya ne ko da takarda ko babu. Idan ba a yi wani sharaɗi dabam ba, yadda ake biya shi ke nuna tsawon notis. A dokar Abuja da dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, mai biyan mako yana da notis na mako ɗaya, mai biyan wata yana da wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku yana da wata uku, mai biyan shekara yana da wata shida. Bayan wannan sai a ƙara notis na kwana 7, sannan a tafi kotu. Idan kuwa tun farko an yanke wa'adi kuma ya cika, na kwana 7 ɗin ne kawai. Jihohi da yawa suna tafiya a kan irin wannan ma'auni, amma kowace da dokarta, saboda haka in an kawo muku notis a kai wa magatakardan kotu ko lauya ya duba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi.

Abin da doka ba ta yarda da shi ba shi ne mai gida ya ɗauki hukunci a hannunsa: ya kwashe kwanon rufi, ya cire ƙofa, ya sa kwaɗo, ko ya turo matasa su watso kaya waje. Alƙali kaɗai ke ba da umarnin fitarwa. Ko gwamnati ba a ƙyale ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta tura 'yan sanda da makamai sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Wannan ya dace da hadisi na 32 cikin Arba'una, wanda ya hana cuta da cutarwa.

Idan mai gidan bai ba da takarda ba, me za a yi?

Ba sai an jira shi ba. Ayar bashi ba ta ce sai mai ƙarfi ne zai kawo takarda ba. Ga matakai, daga mai sauƙi zuwa na gaba.

1. Ki fara da mijinki, cikin ladabi, a lokacin da hankalinsa yake kwance. Ki tambaye shi nawa ake biya, yaushe aka shiga, wa ya karɓa, su wa ke wurin. Ki nuna masa don yara kike tambaya.

2. Ku rubuta takardar da kanku, da boko ko da ajami, a kai wa mai gidan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Da yawa ba ƙi suke yi ba, ba su saba ba ne, ko suna zaton sai an biya lauya.

3. In ya ce shi ba ya son takarda, kada a yi faɗa. Ranar biya a gayyaci shaidu, a faɗi adadin da wa'adin da babbar murya a gabansu. Ayar ta ambaci maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu. A mazhabar Malik ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa a kan abin da ya shafi dukiya. A zaɓi mazauna unguwa na dindindin, kamar liman ko mai unguwa. Baƙon da za a yi wa canjin aiki gobe ba zai amfane ku ba. Kada a dogara da dillali shi kaɗai, domin cin abincinsa yana hannun masu gidaje.

4. In da hali a biya ta banki ko ta wajen mai POS zuwa asusun mai gidan kansa, a rubuta cewa kuɗin haya ne na wata kaza zuwa wata kaza. Takardar POS tana gogewa da zafi, a ɗauki hotonta tun ranar. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da hujjar da ta fito daga kwamfuta da waya bisa wasu sharuɗɗa.

5. Bayan biya, mijinki ya aika saƙon waya na godiya mai ɗauke da bayanin: na gode, na biya kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. In ya amsa, a adana.

6. Ki ware littafi ɗan ƙarami irin na 'yan makaranta. Duk biya, duk gyara, duk saƙon da aka aiko, ki rubuta da kwanan wata. In ba ki iya rubutu ba, 'yarki ta Islamiyya za ta iya. A ɗauki hoton ɗakuna ranar shiga, don kada a ɗora muku tsohuwar ɓarna. A sa takardun cikin leda a ajiye a sama, a kuma bar kwafi wajen wani ɗan'uwa, saboda ruwa da gobara.

7. In rigima ta taso, a fara da sulhu wajen mai unguwa da liman, in ta ƙi a je wa hakimi, in ta ƙi sai kotu. Kada a daina biyan haya don fushi, yin haka yana raunana hujjarku.

Ga misalin abin da za a rubuta:

"Da sunan Allah. Ni wane ɗan wane na ba wane ɗan wane hayar ɗaki biyu da madafa da bayi a gidana da ke unguwa kaza, Jibiya, na tsawon shekara ɗaya ta Bature, daga rana kaza zuwa rana kaza, a kan naira kaza. Na karɓi naira kaza, saura naira kaza za a biya rana kaza. Gyaran rufi da yasar masai suna kan wane. Kuɗin wuta yana kan wane. Ba ƙarin kuɗi sai wa'adi ya cika. Wanda ba zai sabunta ba zai sanar da ɗan'uwansa tun saura wata kaza. Sa hannun mai gida. Sa hannun ɗan haya. Shaida na ɗaya. Shaida na biyu. Kwanan wata."

Rabin shafi ne kawai, bai kai tsawon jerin kayan lefe ba, wanda kuwa ba ma yarda a karɓa sai an ƙirga an rubuta.

Shi ma mai gidan yana da haƙƙi

Kada darasin nan ya zama makamin cin zalin masu gidaje. Wani da kuɗin hayar nan yake ciyar da iyalinsa, wata kuma gwauruwa ce da ɗaki biyun da ta gada su ne abincinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Wanda yake da kuɗin anko da na biki amma yana ɓuya in mai gida ya yi sallama, ya ji tsoron Allah. Gidan haya amana ne. Ɗan haya ba ya biyan abin da ya lalace da kansa, amma yana biyan abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. Wanda ya kama ɗaki don kwana sannan ya mayar da shi ma'ajiyar jarkokin fetur, ya saɓa abin da aka yi da shi, ya kuma jefa maƙwabta cikin haɗari. Idan wa'adi ya cika mai gida yana son abinsa, a fita da mutunci, kada a fake da cewa kotu tana jan lokaci.

Ke kuma 'yar'uwa da Allah Ya ba ki gidan da kike sa 'yan haya, ki zama ta farko wajen kawo takarda da rasit. Yin haka kariya ce gare ki da magadanki. In ɗan hayarki ya shiga ƙunci na gaskiya, kamar lokacin da aka rufe iyaka sana'a ta tsaya, ki tuna aya ta 280 cikin Baƙara, wadda ta yi umarni da a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. In kin ɗaga masa ƙafa, shi ma ɗagawar a rubuta ta.

Kammalawa

A taƙaice, hayar baka ta inganta a Shari'a da doka, amma haƙƙin da ba shi da hujja yana da saurin salwanta, kuma mace da yara su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kada ki bari sai an yi sallama a ƙofa sannan ki fara tambayar nawa aka biya.

Tambayoyin da za a tattauna a zaman ta'alim na unguwa:

1. Mene ne bambancin wajiba da mushahara, kuma wacce ce irin hayar da kike ciki?
2. Wane sharaɗi Risala ta kawo kafin mai takaba ta samu haƙƙin zama a gidan haya?
3. Idan ɗan haya ya gyara rufi ba da izini ba, mene ne hukuncinsa?
4. Su wa za ki iya kira shaidu a unguwarku in an zo biyan haya?

Ina roƙon shugabannin rassa su sa ɗalibai masu kyan rubutu su kwafi misalin takardar nan, a raba wa matan da ke zaman haya, musamman 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu.

Allah Ya sa mu cikin masu cika alkawari da riƙon amana. Allah Ya hore wa mazajenmu halal, Ya mallaka wa marasa gida nasu na kansu, Ya mayar da waɗanda aka raba da garuruwansu gida lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.